Shekara Biyu Cikin Farar Riga: Nazarin Fim ɗin God's Army da Rayuwar Matashin Ɗan Mishan na Momon

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 2000 aka fara nuna wani fim a gidajen sinima na jihar Utah ta Amurka mai suna God's Army, wato Rundunar Allah. Richard Dutcher ne ya rubuta labarin, ya ba da umarni, ya kuma fito a ciki. An kashe wa fim ɗin kimanin dala 300,000, amma ya samo fiye da dala miliyan 2, nasarar da ta buɗe ƙofa ga jerin finafinan da 'yan Momon suka riƙa shiryawa game da rayuwarsu. Labarin ya bi wani saurayi ɗan shekara 19 da ikkilisiyarsa ta aika wa'azi a birnin Los Angeles, ya nuna yadda yake kwana, yadda yake tashi, da yadda bangaskiyarsa ta yi tangal-tangal kafin ta tsaya.

Dalili biyu ne suka sa fim ɗin ya cancanci nazarin mai hidima. Na fari, irin waɗannan samari suna yawo a biranen Afirka ta Yamma, kuma membobinmu suna haɗuwa da su. Fasto da bai san yadda suke rayuwa ba zai yi maganarsu da jita-jita. Na biyu, fim ɗin ya taɓo tambayar da ke gaban kowace makarantar tauhidi: me ke tsayar da matashi cikin hidima, kuma me ake yi da shakkarsa idan ta taso? Ra'ayin wannan nazari shi ne Dutcher ya faɗi gaskiya sosai game da yadda horon yau da kullum ke gina mutum, amma da ya zo kan shakka sai ya rufe ta da motsin zuciya da mu'ujiza, ya bar tambayoyin da shi da kansa ya ɗago ba amsa.

Ikkilisiyar da tsarin aikenta

Cikakken sunanta shi ne Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Joseph Smith ne ya kafa ta ranar 6 ga Afrilu, 1830, a jihar New York, shekarar da aka buga Littafin Momon. Hedkwatarta tana Salt Lake City. A 2018 shugabanta na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi jama'a su daina kiranta da laƙabin Momon. Mun yi amfani da laƙabin a nan domin da shi aka fi saninsu, amma mai hidima da zai zauna da su ya kamata ya san ba shi suka fi so ba.

Aikin mishan a wurinsu wani mataki ne na girma da ake sa rai kowane saurayi mai lafiya zai taka. Namiji yana yin wata 24, mace wata 18. Lokacin da aka yi fim ɗin, namiji yana tafiya daga shekara 19, mace daga 21. A Oktoba 2012 aka rage zuwa 18 da 19. Matashi ba ya zaɓen inda za a kai shi, wasiƙa ce ke zuwa daga hedkwata da sunan wurin. Ba a biyansa albashi. Shi da iyayensa, wani lokaci da taimakon ikkilisiyar unguwarsu, ke ɗaukar nauyin zamansa, kuma shekaru da dama abin da iyalan Amurka suka riƙa bayarwa dala 400 ne a wata. Kafin ya fita yakan yi 'yan makonni a cibiyar horo. Mafi girma tana Provo a Utah, akwai kuma wadda aka buɗe a Tema ta ƙasar Gana a 2002, daga baya aka mai da ita Akara.

Da zarar ya isa, sunan yankansa ya kwanta. Ana kiransa Elda, wato dattijo, a haɗa da sunan gidansu, haka kuma aka rubuta a baƙar alamar da ke maƙale a aljihun farar rigarsa. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, yana tashi ƙarfe 6:30 na safe, ya yi nazari shi kaɗai, ya sake yi tare da abokin aikinsa, ya fita ƙwanƙwasa ƙofofi da koyar da masu sha'awa, ya kwanta ƙarfe 10:30 na dare. Ba neman aure, ba kallon talabijin, ba shayi ko gahawa, balle giya da taba. Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ake ba shi ta wanki, cefane da rubuta wasiƙa. Har zuwa Fabrairu 2019 sau biyu kawai a shekara ake barinsa ya kira gida ta waya, ranar Kirsimeti da ranar bikin uwaye. Dokar da ta fi kowace nauyi ita ce ba ya rabuwa da abokin aikinsa dare da rana, kuma ba shi ya zaɓe shi ba.

Labarin a taƙaice

Elda Allen ya zo daga Kansas bai san takamaiman abin da ya kawo shi ba. An fitar da mijin mahaifiyarsa daga ikkilisiya, mahaifiyar kuma ta daina zuwa sujada. Aka haɗa shi da Elda Dalton, wanda Dutcher ya fito a matsayinsa, mutum mai shekara 29, mai tsanani, wanda sauran samarin ke yi wa laƙabi irin na uba saboda ya girme su. Tun farkon zuwansa Allen ya so ya koma gida. Sannu a hankali ya gano cewa Dalton yana fama da ciwon daji a ƙwaƙwalwa, ya kuma zaɓi ya ƙare kwanakinsa a bakin aiki. A gidan da suke zaune akwai Elda Kinegar, mai karanta littattafan da ke sukar ikkilisiyar, da Elda Banks, baƙar fata. Kinegar ya bar mishan. Allen ya shiga ruɗani, ya kwana yana addu'a, ya tashi da tabbaci. Daga baya suka ɗora hannu a kan wani gurgu mai suna Benny, ya warke, Dalton kuma ya rasu. Allen ya ci gaba da aiki har ya zama mai horar da wani sabo.

Inda fim ɗin ya yi ƙarfi

Dutcher ya yi aikin mishan da kansa a Meziko, kuma wannan ya nuna a kowane lungu na fim ɗin. Bai yi wa 'yan mishan fentin waliyyai ba. Ga ɗaki cike da kwanukan da ba a wanke ba, ga barkwancin yara har da ɗaukar juna hoto a banɗaki, ga gajiya, ga ƙofar da aka rufe musu a fuska. Mai kallo yana ganin cewa wanda ake kira dattijo yaro ne da gemunsa bai gama fitowa ba. Wasu 'yan ikkilisiyar sun ji haushin wannan, amma shi ne ya ba fim ɗin daraja. Labarin hidima da aka share masa gumi da ɓacin rai ba ya shirya kowa don hidima.

Abu na biyu shi ne yadda ya nuna cewa maimaici ne ke gina mutum. Allen bai canja domin wani wa'azi mai zafi ba. Ya canja domin kowace safiya akwai wanda zai tashe shi, akwai littafin da zai buɗe, akwai titin da zai taka ko yana so ko ba ya so. Mafi yawan mutanen da suka tare ba su saurare su ba. Da za a auna shekara biyun da yawan waɗanda aka yi wa baftisma, da ribar ba ta taka kara ta karya ba. Fim ɗin ya bar mai kallo ya fahimci abin da 'yan Momon da kansu sukan faɗa, cewa mutum na farko da mishan ke tubar da shi shi ne ɗan mishan ɗin. Ikkilisiyar da ba ta da fastoci masu albashi a unguwanni tana samun shugabanninta na gobe daga waɗannan samari, waɗanda suka koyi magana da baƙo, tsara lokaci, da haƙuri da wulaƙanci tun suna da ƙuruciya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abu na uku shi ne zumuncin Allen da Dalton, wanda shi ne ƙashin bayan labarin. Dalton ba mai daɗin zama ba ne. Yana matsa wa yaron, wani lokaci har ya wuce gona da iri. Amma yana yin abin da yake umarta, kuma yaron yana kallonsa awa 24. Ba inda malamin zai ɓoye rauninsa, ba inda ɗalibin zai ɓoye lalacinsa. Wannan ya yi kama da yadda Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu a Markus 6 da Luka 10, da yadda Timoti ya koyi hidima a gefen Bulus. Ya kamata mu tambayi kanmu sau nawa muke tura sabon mai bishara ƙauye shi kaɗai, da takardar shaida a jaka, babu wani babba da zai ga yadda yake kwana da tashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yadda aka bi da shakka

A nan ne fim ɗin ya nuna ƙarfin hali, a nan kuma ya gaza. Ya nuna ƙarfin hali domin ya yarda cewa ɗan mishan yana iya rasa bangaskiyarsa yana sanye da farar rigar. Ya gaza saboda yadda ya zana mai shakkar. Kinegar mutum ne mai ɗaci, mai zaman kaɗaici, wanda mai kallo ba zai so ya yi kama da shi ba. An nuna mana littattafan da yake karantawa, amma ba a zauna an auna abin da ke cikinsu ba. Saƙon da ke isa ga matashin da ke kallo shi ne bincike cuta ce, mai yin sa kuma akwai matsala a halinsa. Wannan dabara ce da ta saba wa adalci, domin tana hukunta mai tambaya don a kauce wa tambayar.

Tambayoyin kuwa na gaske ne. Littafin Momon yana ba da labarin al'ummai da suka fito daga Urushalima wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu suka zauna a nahiyar Amurka, kuma masana tarihi da na tonon ƙasa da ba 'yan ikkilisiyar ba ba su yarda an sami shaidar wannan ba. Akwai batun auren mata da yawa da Joseph Smith ya yi. Akwai kuma batun da Elda Banks ke ɗauke da shi a jikinsa. Tun zamanin Brigham Young, wanda ya gaji Smith, ikkilisiyar ta hana maza 'yan asalin Afirka matsayin firist, ta hana maza da matansu manyan hidimomin haikali, har zuwa Yuni 1978 lokacin da shugabanta Spencer W. Kimball ya sanar da ɗage hanin. Fim ɗin ya sa wasu baƙaƙen fata sun tare Banks da wannan magana, ya nuna yadda ta yi masa zafi. Wannan abin yabo ne a shekarar 2000, domin sai a 2013 ikkilisiyar ta fitar da rubutun da ya nisanta ta daga bayanan da aka riƙa bayarwa cewa baƙar fata alamar la'ana ce. Amma amsar da labarin ya ba Banks ita ce tabbacin da yake ji a zuciyarsa. Tambayar yadda annabawa masu rai suka riƙe irin wannan hani fiye da shekara ɗari ta wuce ba a taɓa ta ba.

Mai karatu a Nijeriya yana da dalilin kula da wannan. Tun kafin 1978 akwai mutane a kudancin ƙasar da suka sami littattafan ikkilisiyar suka riƙa rubuta wasiƙa Salt Lake City suna roƙon a aiko musu da masu koyarwa. Sai a Nuwamba 1978, bayan ɗage hanin, 'yan mishan suka iso suka yi wa Anthony Obinna da wasu baftisma. An keɓe haikalin Akara a 2004, na Aba a 2005. A yau yawancin samarin da za ka gani da farar riga da baƙar alama a Legas ko Abuja 'yan Afirka ne, kuma tambayar Banks tasu ce.

Addu'ar dare da warkarwa

Kololuwar fim ɗin ita ce daren da Allen ya durƙusa har ya sami tabbaci. Wannan ya yi daidai da koyarwarsu. A sura ta ƙarshe ta Littafin Momon akwai alkawari cewa wanda ya karanta ya roƙi Allah da zuciya ɗaya, Ruhu zai bayyana masa gaskiyar littafin. Wannan ne ginshiƙin wa'azin ɗan mishan: karanta, yi addu'a, ka lura da abin da ka ji. Dutcher ya ɗauki wannan wuri da natsuwa, ba kiɗa mai yawa, ba wahayi, kuma mai kallo yana tausaya wa yaron.

Matsalar ita ce gwajin yana da amsa ɗaya tak da aka yarda da ita. Wanda ya ji ɗumi a zuciya ya sami shaida. Wanda bai ji ba, sai a ce bai roƙa da gaske ba. Mu ma mun gaskata cewa Ruhu Mai Tsarki yana shaida a zuciyar mai bi, kamar yadda Romawa 8 ta koyar. Amma Littafi Mai Tsarki bai bar wannan shaida ta tsaya ita kaɗai ba. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 domin sun riƙa bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Wasiƙar Yahaya ta fari, sura 4, ta umarce mu mu gwada ruhohi. Irmiya 17 ta gargaɗe mu game da yaudarar zuciya. Da Bulus yake kāre tashin Almasihu a 1 Korantiyawa 15, ya lissafa shaidu, ya ce yawancinsu suna da rai, wato ana iya zuwa a tambaye su. Bangaskiyar manzanni ta miƙa kanta ga bincike.

Warkar da Benny ta zo ne a matsayin hatimi a kan tabbacin Allen. A fuskar tsara labari, wannan ya rage wa fim ɗin ƙarfi. Sa'a ɗaya da rabi ana nuna mana cewa aminci yana nufin ci gaba da aiki ko ba a ga sakamako ba, sai a ƙarshe aka biya mai kallo da mu'ujiza. Mutuwar Dalton, wanda bai sami warkarwa ba, ta fi gaskiya ta kuma fi taɓa zuciya. A fuskar tauhidi kuwa, Maimaitawar Shari'a 13 ta nuna cewa ko alama ta cika, dole a auna abin da mai alamar ke koyarwa game da Allah.

Abin da fim ɗin ya bari a waje

Wanda ya kalli fim ɗin zai iya ɗauka cewa bambancin 'yan Momon da sauran masu bin Almasihu ɗan kaɗan ne, domin kusan ba a ji abin da samarin ke koyarwa ba. Darasinsu na farko yana cewa ikkilisiya ta gaskiya da ikon firist sun ɓace daga duniya bayan mutuwar manzanni, sai ta hannun Joseph Smith aka maido su. Suna koyar da cewa Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki uku ne dabam-dabam masu nufi ɗaya, kuma Uba yana da jiki na nama da ƙashi. Suna da littattafai uku da suke ɗauka Nassi ne ban da Littafi Mai Tsarki. Waɗannan sun saba wa koyarwar Triniti da ikkilisiya ta riƙe tun taron Nikiya na shekarar 325, shi ya sa kalmomi irin su Allah, ceto da alheri sukan ɗauki wata ma'ana dabam a bakinsu.

Mutanen da ake yi wa wa'azi su ma ba su sami cikakken wuri ba. Suna shigowa labarin ne don su taimaka wa Allen ya girma, su fita. Ba mu ga abin da ya faru da su shekara ɗaya bayan baftisma ba, lokacin da samarin da suka saba da su an riga an canja musu wuri. Haka kuma ba mu bi Kinegar gida ba, mu ga kunyar da ke jiran wanda ya dawo kafin lokaci a al'ummar da ke auna saurayi da kammala mishan. Dutcher ya sake komawa ga rayuwar 'yan mishan a fim ɗinsa na 2005, States of Grace, inda ya fi zurfafa kan zunubi da alheri, a 2007 kuma ya sanar cewa ya daina bin ikkilisiyar. Wannan ba hujja ba ce a kan fim ɗin, kuma ba abin murna ba ne. Yana dai tuna mana cewa tambayar da aka danne tana nan da ranta.

Abin da mai hidima zai ɗauka

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuskuren da muka gani a fim ɗin yana cikin majami'unmu. Matashi ya zo da tambaya game da Littafi Mai Tsarki, ko game da kuɗin ikkilisiya, ko game da abin da ya karanta a intanet, sai a ce masa ya je ya yi azumi, ko a fara kallonsa a matsayin mai tawaye. Ana kafa gaskiyar mai wa'azi a kan yawan mu'ujizai da zafin taro. Idan muka horar da mutanenmu su gaskata abu domin sun ji daɗinsa a zuciya, mun shirya su su karɓi duk wanda ya zo da murmushi da alkawarin ɗumin zuciya. Yesu bai kori Toma ba, ya nuna masa hannuwansa. Wasiƙar Yahuza ta ce a ji tausayin masu shakka.

Sa'an nan akwai abin koyi. Ikkilisiyar da muke ganin ta kauce a koyarwa tana ba ɗan shekara 18 aiki na gaske, da tsari, da babban da zai bi. Mu kuwa sau da yawa matasanmu ba su wuce ƙungiyar mawaƙa da jera kujeru ba.

Idan samarin nan suka ƙwanƙwasa ƙofarka, ka tuna da Allen. Mai yiwuwa yaron da ke gabanka yana kewar mahaifiyarsa, an rufe masa ƙofa goma tun safe, yana kuma ɗauke da tambayar da ba zai iya faɗa a gaban abokin aikinsa ba. Ka ba shi wurin zama da ruwan sanyi. Ka tambaye shi abin da yake nufi da kalmomin da yake amfani da su, ka buɗe Nassi tare da shi, ka faɗi bambancin a fili ba tare da zagi ba. Ba lalle ka ga sakamako a ranar ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane ɓangare na tsarin ranar ɗan mishan na Momon ne zai amfani sabon mai bishara a gundumarku, wanne ne kuma zai iya cutar da shi?

2. Ta yaya za ka bayyana wa membanka bambanci tsakanin shaidar Ruhu Mai Tsarki da motsin zuciya kawai? Kawo nassosi biyu.

3. Idan ɗalibi irin Kinegar yana ajinku ko majami'arku, wa zai iya zuwa wurinsa da tambayoyinsa, kuma me zai same shi bayan ya faɗa?